Muna Cikin Rufin Asiri

A shekarar da aka danƙa wa na'ura rabon tallafin karatun jami'a, an tara malamai masu ba ɗalibai shawara don a horar da su.

"Ku fara da gaisuwa, dole ne," in ji Malam Gambo mai horarwa, yana gyara na'urar sauraro a kan tebur.

Aka shigo wa Malama Hansatu da ɗalibarta Tasalla, marainiya.

"Yaya gida, 'yata?"

"Alhamdulillahi, Malama, muna cikin rufin asiri."

Fitilar na'urar ta yi ja. An cire Tasalla daga jerin mabuƙata.

"Haba Malam, ai kunya ce! Wa zai tona asirin gidansu?" in ji Hansatu.

"Da bakinta ta faɗa," ya ce, ko a jikinsa.

Nan jikin Hansatu ya ba ta cewa wanda ya wajabta gaisuwar ya san halin mutanensa sarai.

Da ɗaliba ta biyu ta durƙusa, Hansatu ta tari numfashinta.

"Bar gaisuwar nan. Jiya an ɗora tukunya a gidanku?"

Malam Gambo ya ɗauki biro, ya tambayi Hansatu cikakken sunanta.