Alhajin Bodija

Inna Saude ta ajiye ƙunshin hulunan a kan tabarma, ko kwance shi ba ta yi ba. Tun da ta fara yi wa Mas'uda dillanci ba ta taɓa dawo da ko guda ba sai yau. Ta ce Alhajin kasuwar Bodija, mai sayen hulunan, ya ce a dakata tukuna, kasuwa ta yi sanyi. Furar da aka dama mata ma ba ta tsaya sha ba.

Mas'uda ba ta taɓa ganin Alhajin ba. Matar kulle ce, nata zare da allura, kai kaya kasuwa na Inna Saude. Abin da ta sani, mutumin ba ya tayi kuma ba ya karɓar kaya bashi. Sau ɗaya ya taɓa ɗauke ƙafa, shekarar da mijinta ya karye ya yi watanni a kwance, Mas'uda ta ce dama haka jarrabawa take zuwa a haɗe. Da cinikin Alhaji ta sayi fili a wajen Shasha, nan gefen Badun, ta ɗora gini har ya kai linta. Saura rufi.

Rufin nan ne ya hana ta sakat. Surukinta Malam Abbas ya rasu, magada sun sayar da gidan da suke ciki a unguwar Sabo, an ba su zuwa faɗuwar damina su tashi. Rabon mijinta a gadon bai kai kuɗin kwano ba. In ba a rufa ginin ba, ita da 'ya'yanta sai raɓe a gidan mutane.

Mijin nata, Gwadabe, shi ne golan ƙungiyar wani kamfani a Badun tun kafin ya aure ta. Watan da ya wuce ya ajiye ƙwallo, gwiwa ta ƙi. An yi masa wasan bankwana, aka ba shi agogon bango da babbar riga. Har yau duk yaron da ya tsaya tsakanin duwatsu biyu a lungun Sabo da sunan Gwadabe yake kiran kansa.

Sai dai marigayi Malam ya rantse tun farko cewa kuɗin tamaula ba zai shiga gidansa ba. Saboda haka daga rumfar goron Malam ɗin Gwadabe yake samun kuɗin cefane, inda yake taya aiki ranar da babu atisaye. Mas'uda ta bi bayan Malam da zuciya ɗaya. A gidan suna takan faɗa, kai a sama, cewa ko bulo ɗaya na gininta bai san ƙwallo ba.

To, albashin shekara da shekaru, da ladan cin wasa, suna ina? Bai sayi mota ba, ba ya shaye-shaye, ba ya caca. Ta bari ya gama cin tuwo ta tambaye shi, tunda yanzu mai rantsuwar ya kwanta dama, ga kuma ruwa na tafe.

"Babu komai, Maman Khaulat," ya ce, idonsa a kan kwanon wanke hannu. "Sun tafi inda suka tafi."

Daga ranar ta fara lura. Duk hirar da ta doshi Alhajin Bodija, sai Gwadabe ya tuna ana jiransa a masallaci. Da ta ce ya raka ta ta roƙi Alhajin da bakinta, ya ce ba girmanta ba ne. Ta girgiza tsohon takalmin wasansa za ta wanke, wani ɗan makulli ya faɗo, wanda ba na kowace ƙofa ba ne a gidan. Sannan wata hantsi, ta bayan labule, ta hango shi a zaure da Inna Saude, kai a haɗe. Kalma biyu ta tsinta: Mokola, da haya.

Dillaliya ba kaya kaɗai take kaiwa ba, har da saƙo. Mas'uda ta haɗa lissafinta a nutse. Akwai ɗaki a Mokola, akwai wadda kuɗin ƙwallo ya tafi wajenta, kuma tsohuwar da ta amince wa ita ce 'yar aike. Wataƙila ma ita waccan ce ta ƙwace mata Alhaji. Ba kishi ne ya dame ta ba. In akwai saura, haƙƙin 'ya'yanta ne, kuma za ta karɓo shi.

Ta nemi izinin zuwa barka, ta ja mayafi, ta bi Inna Saude daga nesa. Tsohuwar ba ta nemi motar Bodija ba. Ta ratsa ta gefen shataletalen Mokola, ta shiga wani gida bayan shagon teloli, ta ɗan jima, ta fito ta wuce. Mas'uda ta faɗa gidan, ɗan makullin nan a hannunta.

Mai gidan, wata Bayarabiya mai jiki, ta dubi makullin a hannun Mas'uda ta washe baki. Da gurɓatacciyar Hausa ta ce ai gara da aka turo wani, haya ta ƙare, a faɗa wa gola ya kwashe kayansa kafin wata ya mutu. Mas'uda ta tambayi wace ce ke kwana a ɗakin. Matar ta yi dariya har da tafa hannu, ta nuna mata ƙofar ƙarshe.

Makullin ya shiga ba gardama. Babu gado, babu madubi, babu ƙamshin mace, sai warin maganin asu. Buhuna ne jere a kan katako, an ɗora su har kusa da silin. Ta durƙusa ta warware bakin na kusa, sannan na bayansa, sannan wani can ƙasa da ya fara ruɓewa.

Duk hular da Alhajin Bodija ya taɓa saya tana nan, ɗinkin hannunta, a ninke, babu wadda ta taɓa hawa kan mutum.