Ɗan'uwan Jimina a Kunyar Dankali

Ai da wani tsoho ya ga gashin kiwi, tsuntsun nan marar tashi, a bakin karensa, sai ya bi sawu ya tarar da gawar tsuntsun. Da ma shi ya kwance karen, wai ya sha iska. Ya binne tsuntsun a kunyar dankali.

Da hantsi sai ga 'yarsa mai gadin daji.

"Baba, kiwin nan, ɗan'uwan jimina, da na sa wa zoben bin sawu ya bar ƙwansa yana hucewa. Danginsa sun ƙare, saura su kaɗan. Ko ka soye shi ne?" Ta yi dariya.

"Haba 'yar nan," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ta kunna na'urar bin sawu. Zoben ya amsa, ƙit, ƙit, daga ƙarƙashin dankalin.