Yashi a Ƙarƙashin Gero

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, wani mai hoto daga Ɗanbatta ya biyo ta ƙauyenmu. Kakata ta sa aka shigo da shi. Baba yana Kurmi wajen ci-rani, mun ji ciwo ya kwantar da shi, tana so a aika masa hotonmu.

Ta ɗauko babbar ƙwaryarta ta cika da yashi. Ta kwance ɗan geron da ya rage mana, ta barbaɗa a kai har yashin ya ɓuya. Sannan ta jera mu a bayan ƙwaryar.

"Ɗan nan, matsa ta can," ta ce wa mai hoton. "Kada bakin rumbun ya fito."

Duk rairayar da ta yi, tuwon ranar yashi muka yi ta taunawa.

Baba bai dawo ba. A aljihun rigarsa aka samu hoton. Yau duk wanda ya gan shi a ɗakina sai ya ce, "Kai, ku yunwar nan ba ta taɓa ku ba." Ba na musu. Addu'ata ita ce Baba ma abin da ya gani ke nan kafin ya cika.