Kwalbar da ke Jiran Nishi

Tun shekarar da aka halatta man tabar wiwi ga masu ciwo, kwalbarsa ba ta buɗuwa sai ta ji nishin mai ita. Shi ya sa da hantsi unguwar duk take ɗauka da nishi, gida-gida.

Inna Tabawa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ciwon ƙugu ya hana ta sakat. Ta dafa bango, ta dafa randa, ta dawo ta zuba wa kwalbar ido.

"Inna, ki yi nishin mana," in ji 'yarta Ɗayyaba. "Ɗigo biyu kawai, ki samu sauƙi."

"Mijinki na zaure, ni zan yi nishi surukina ya ji? Haihuwa tara na yi, ko ungozoma ba ta san muryata ba."

Ɗayyaba ta fita ta lallaɓa mijin ya tafi kasuwa.

Inna ta sakaya ƙofa, ta kai kwalbar bakinta kamar mai raɗa, ta saki abin da ta shekara saba'in tana haɗiyewa.

Kwalbar ta yi ƙyalli, ta ce cikin ladabi, "Sannu, Hajiya. Wannan bai kai ciwo ba. A sake gwadawa."