Sunan Gida na Bature Mai Rijiya

Jimmai ce ta fara ba ni labarin nan, muna tsinkar alayyahu a kicin ɗinta. Ta ce kada in kai shi gaba. To, na tsufa, riƙon magana ya fara yi mini nauyi.

Yasmina kun san ta, doguwar nan fara mai aiki a wani sito a titin Wendover, nan Greensboro. Ubanta Bature ne. Ya je haƙa rijiyoyi ƙasar Dakoro ta Nijar a shekarun fari, mota ta kife da shi tun tana cikin uwarta. Sunansa kaɗai ta sani, shi ma don ya rubuta shi da tsinke a simintin bakin rijiyar garinsu: Torquil MacAskill. Kakarta ce ta raine ta. In ta tambayi uwa, sai tsohuwar ta ce, “Ta bar mini ke,” ta tsuke baki. Haka Yasmina ta girma tana yi wa uwarta addu'ar da ake yi wa mamata.

Wadda ta kawo ta Greensboro kuwa Tanti Tchima ce, ɗiyar tsohuwar nan, mai kitso. Mace ce mai wasa da 'ya'yan kowa, amma ban da Yasmina. Ba yabo, ba hira. Sai dai ba ta sa loma a baki sai ta ji tsayuwar motar yarinyar a waje.

A shekarar 2007 Yasmina ta gano wani shafi a intanet inda Turawa ke zana bishiyar danginsu, kowa yana iya ƙara reshe. Ni ban san kan kwamfuta ba, yadda aka gaya mini nake faɗa. A nan ta ga uban nata, haifaffen tsibirin Harris ne, cikin tsibiran Hebrides, can ƙuryar Sikotlan. Ƙarƙashin sunansa an rubuta: bai yi aure ba, bai bar ɗa ba.

Ta sa sunanta. Aka goge. Ta sake sawa, aka sake gogewa, har da 'yar sanarwa wai an gyara kuskure. Kuskure! Mutum da ƙafafunsa, da hancin ubansa a fuska.

Mai gogewar Morag ce, yayar marigayin, tsohuwa kuma ba lafiya. Ba mugunta ba ce. A tsibirinsu mutane da yawa suna ɗaya gare su, shi ya sa baƙi daga Amurka da Kanada ke ta liƙa kansu a reshen da ba nasu ba, ita kuma tana bi tana cirewa. Ta nemi takardar aure. Ina za a samo ta? Auren goro da fatiha ne.

Sai Morag ta kawo wata hanya. Ta ce a wajensu kowa yana da sunan gida, wanda ba ya cikin kowace takarda. Ƙanenta kuma bakinsa ba ya rufuwa. In har ya yi aure a Nijar, gidan surukansa sun ji wannan sunan. In aka faɗa mata shi, da hannunta za ta mayar da Yasmina, ta kuma aiko mata hotunansa. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Saura Tanti.

Ranar wata Lahadi da yamma aka buga wa Morag waya, aka buɗe murya, Yasmina tana tafinta. Tsohuwar tana tari tana tambaya, muryarta na rawa kamar ita ce mai roƙon.

Tanti Tchima tana taje gashin kitso. Hannunta ya tsaya. Ta kafa wa kafet ido.

“Tanti, kina gidan lokacin. Kin ji shi, ko?”

“Ke, bar ni.”

“Kalma ɗaya ce fa! Don girman Allah, Tanti.”

“Ba ni iyawa.”

Ta miƙe ta shige ɗaki. Morag ta jira, ta jira. Daga baya ta ce, “Yi haƙuri, 'yar nan. Na so ƙwarai a ce ke tamu ce.” Ta ajiye waya tana kuka.

Ba a daɗe ba ɗanta ya aiko da imel: Morag ta rasu. Bishiyar kuma zai bar ta yadda uwarsa ta bar ta.

Yasmina ta dawo daga aiki ta fara haɗa kayanta, za ta koma wajen ƙawarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tsaya a ƙofa ta ce, “Da uwata tana raye, da ba ta zuba ido an goge ni ba.”

 Tanti ce ma ta linke mata zannuwan gado.

Washegari da safe Tanti Tchima ta hau bas, ta canja wata a tashar cikin gari, ta sauka ƙofar Jimmai da katin waya a hannu. Ta ce a kira mata tsibirin, Jimmai ta yi tafinta.

Ɗan Morag ya ɗauka. Da ya ji ko wace ce, sai muryarsa ta bushe. Ya ce in ta san sunan, me ya hana ta faɗa tun tsohuwar tana da ran da za ta ji?

Jimmai ta juya mata maganar. Tanti Tchima ta jawo mayafi ta rufe fuskarta duka, kafaɗunta suna girgiza.

“Ce mishi na san sunan, ban taɓa mance shi ba. Amma mu, mace ba ta kiran sunan mijinta, balle a gaban ɗiyarta ta fari.”