Gwanin Katanga da Ƙasar da Ta Gangara

Kai da kake cewa aikin gayya ɓata lokaci ne, zauna ka ji. A wani gari da ke jikin dutse, gonakin mutane hawa-hawa suke kamar matakala, kowace da katangar duwatsu da ke riƙe mata ƙasa. Ƙasar kuwa zurfinta bai fi kamu ɗaya ba, in ta tafi sai falalen dutse. Al'adarsu, kafin ruwan farko a buga gangar gayya, a hau can ƙoli a fara gyaran katangu, ana yi ana gangarowa. Akwai wani manomi da gonarsa ce ta ƙarshe daga ƙasa, shi ne kuma gwanin jera dutse a garin, in ya ɗora ko ɓera ba ya samun kafa. Gonar ƙoli ta wata tsohuwa ce da 'ya'yanta suka tafi birni. Wata shekara aka buga ganga, sai gogan naka ya gyara zama. "Ni in hau in yi wa gyatuma bauta, 'ya'yanta na can suna cin shinkafa? Kowa ya ji da tasa." Tsohuwar ta aiko masa da goro, ta ce, "Ku gaya masa ruwa ba ya tambayar gonar wa ce." Ya ci goron, bai hau ba. Da mutane suka ga gwani bai fito ba, kowa ya saɓa fartanyarsa ya koma gida. Daga ranar gayya ta mutu.

Wata Laraba da la'asar, dawa ta kai gwiwa, aka goce da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar tsohuwa ta ɓalle, ruwa ya kwaso duwatsunta ya doki ta ƙasa da ita, ita ma ta doki ta gaba. Ta gwanin ce kaɗai ta riƙe, har ya fara murmushi. Ashe riƙewar ce ta ja masa: ruwa ya taru ya zama tafki, sannan ya ɓarke gaba ɗaya, ya kwashe dawa da ƙasar da ubansa ya bar masa, ya zuba a rafi. Gona ta koma tas, kamar an suɗe akushi. Ya bi gida-gida neman hannu, bai samu ko mutum ɗaya ba, kowa na fama da tasa ɓarnar.

Yau shekara huɗu ke nan, kullum yana gangarawa rafi da kwando, ya ɗebo ƙasa a ka ya hau. Gashin tsakar kansa ya zube, wuyansa ya ƙage. Abin da yake tarawa duk rani bai fi faɗin tabarma uku ba, kuma ruwan farko ke mayar da shi rafi, domin har yanzu katangun sama a zube suke. Ya san ba zai ƙara cin dawar gonar nan ba, amma bai san abin da zai yi da ransa in ya ajiye kwandon ba. Ni dai tausayi yake ba ni, ko da yake shi ya jawo wa kansa. Da ma Hausawa sun ce, wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.