Minti na Shida da Daƙiƙa Arba'in

Duk ranar Asabar da hantsi Ruƙayyatu kan zauna ta duba yadda bidiyoyin girkinta suke tafiya. A TikTok, dambun kifin da ta saka ya samu kallo dubu ɗari biyu, amma yawancin mutane daƙiƙa huɗu suke yi su wuce. A Facebook mata ne suka fi yawa, suna tsayawa su yi ta tambayar ma'aunin daddawa. YouTube kuwa ya zama kango, ko ita kanta ta daina leƙawa.

Ƙawarta Comfort, wadda ke kula wa shaguna da shafukansu a Yelwa, ita ta ce mata, "Ki daina ruɗuwa da yawan kallo. Ki duba inda mutane suke tsayawa."

Ranar ta duba. A can ƙasan shafinta na YouTube akwai wani tsohon bidiyon miyar taushe, wanda ta ɗauka shekara uku da suka wuce a gidansu na Ƙofar Ran, kafin aure ya kawo ta Yelwa. Wayar da ta ɗauke shi da ita ma tuni aka sace a cikin keke. Layin da ke nuna tsayawar masu kallo ya gangaro ƙasa kamar na kowane bidiyo. Amma a minti na shida da daƙiƙa arba'in sai ya miƙe tsaye kamar ƙusa.

Daƙiƙa takwas kacal, ana ta maimaita su.

Ta ƙara tonawa. Kallo biyu ne a kowace rana, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar. Daga cikin garin Bauchi. An fi shekara ana haka, ba a taɓa fashi ba, har ranar Sallah.

Ta kunna wurin. Ga ta nan ta sunkuya tana ɗauko murfin tukunya. A bayanta labulen ɗaki ya ɗan motsa. Ta taga ana hango koren ƙyauren gidan da bishiyar mangwaro. Ƙarar janareton maƙwabta ta cika ko'ina, amma a ƙarƙashinta akwai wani siririn sauti da lasifikar wayarta ta kasa fitarwa. Iya tunaninta, ita kaɗai ce a madafa ranar.

Comfort ta kalla sau uku, ta ajiye wayar. "Wani ne yake nazarin gidanku. Ko kuma ke. Irin mutanen nan ba sa rubuta komai, kallo kawai suke yi."

Daga ranar Ruƙayyatu ta fara waiwaye a hanya. Ta daina shiga keke ita kaɗai. Da an kira la'asar sai ta buɗe alƙaluman, ta zuba ido, har sai kallon nan guda ɗaya ya ƙaru. Bai taɓa makara ba.

Ranar Juma'a ta je gaida mahaifinta. Malam Bakari tsohon malamin firamare ne, bai taɓa son harkar bidiyonta ba, har ya taɓa ce mata girki a gaban duniya ba mutunci ba ne. Tun rasuwar Inna bara ya rage magana. Ta same shi a zaure, abin sauraro a kunnensa, idanunsa a rufe. Ta jira har ya cire, ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ta so ta gaya masa a sake kwaɗon ƙofa, ta tuna abin da zai ce, ta haɗiye. Da ta shiga ciki ta daɗe tsaye a madafa tana kallon labulen nan. Bai motsa ba.

Ranar Lahadi bayan azahar ta yanke shawarar goge bidiyon. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata, don in an goge ba ya dawowa. Ta danna. Aka kira la'asar, ta buɗe alƙaluman, babu komai. Ta yi ajiyar zuciya, har ta tura wa Comfort saƙon murya tana dariya.

Litinin wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, mutumin da tun da aka kawo ta gidan bai taɓa tako shi ba. Hularsa a karkace, gumi ya jiƙa masa riga. Ta shimfiɗa masa darduma, bai zauna ba. Ya miƙo mata wayarsa.

"Ke kin san kan waɗannan abubuwa. Na kai wa masu gyara a Wunti, sun ce lafiyarta ƙalau."

Ta karɓa. Allon baƙi ne, da ɗan rubutu a tsakiya.

"Me ya ɓata, Baba?"

Ya kawar da kai gefe.

"Akwai wurin da murfin tukunya ya suɓuce miki, Innarku ta yi dariya daga ɗaki. Ba ni da muryarta a ko'ina sai nan. Tun jiya da la'asar nake nema. Ki dawo min da ita."